Alhaji Bincike da Ƙwan Zabin Inna

Garin Keffi ya yi sa'ar manyan mutane, amma babu sa'ar da ta kai ta ranar da Alhaji Ghali ya yi ritaya, ya daina sammakon bin motar Abuja, ya samu lokacin zama da mutanen Angwan Iya. Kafin wannan rana jama'ar unguwa suna ta rayuwarsu cikin duhu. Suna cin tuwo, suna zuwa kasuwa, suna aurar da 'ya'ya, alhali babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya san cewa idon jimina ya fi ƙwaƙwalwarta girma. Yadda suka yi suka kai wannan lokaci da rai, Allah kaɗai ya sani.

'Yan hassada suna cewa aikinsa a ma'aikata bai wuce buga hatimi a kan takardun da wasu suka rubuta ba. Shi kuwa idan ka tambaye shi sai ya ɗan lumshe ido ya ce, "Ɓangaren tsare-tsare." Ya baro ofis da tabarau biyu, ɗaya na karatu, ɗaya na kallon jahilai, da wata waya mai faɗin faranti, wadda daga cikinta yake haƙo iliminsa. Sai kuma sandar da yake dogarawa, duk da cewa ƙafafunsa lafiya lau suke.

Kullum bayan la'asar zai iso majalisa a ƙofar shagon Malam Abdulrahman tela. Kowa a kan benci yake zama, Alhaji kuwa yana da kujerarsa ta roba mai hannu, don masani ba ya zama inda ba zai jingina ba. Zai tattara hannun riga, ya yi gyaran murya, ya ɗaga ɗan yatsa sama.

"Bincike ya nuna," zai ce, "cewa giwa, duk girmanta, ba ta iya tsalle."

Sai a ce, "Ikon Allah."

"Bincike ya nuna cewa kada ba ya iya zaro harshensa waje. Bincike ya nuna cewa dodon koɗi yana iya kwantawa barci ya kwashe shekaru bai farka ba."

Ba a daɗe ba sunan Ghali ya ɓace, aka koma kiransa Alhaji Bincike. Da labari ya kai masa bai ji haushi ba ko kaɗan. Cewa ya yi ashe mutanen unguwa sun fara wayewa.

Iliminsa bai tsaya a dabbobi ba. A fannin harshe ma kogi ne. Shi ne ya bayyana wa majalisa cewa tebur da mota da bokiti duk kalmomin Hausa ne tsantsa, Turawa ne suka ara lokacin da suka zo, suka tafi da su ba su dawo da su ba. Akwai ranar da Gamaliel bakanike, wanda ɗan ƙabilar Eggon ne gaba da baya, ya gaisa da wani ɗan'uwansa da yarensu a gaban majalisa. Alhaji ya dakatar da shi, ya ce ba haka ake furta gaisuwar ba, ya gyara masa. Gamaliel ya yi godiya, ya ce in ya je gida zai sanar da mahaifiyarsa cewa tun tana yarinya take kuskure.

Kyawun ilimin Alhaji shi ne duk dabbobinsa suna nesa. Babu giwa a Keffi da za a sa ta gwada tsalle, babu kuma wanda zai je ya buɗe bakin kada don ya ƙaryata dattijo. Saboda haka iliminsa bai taɓa cutar da kowa ba, sai a daminar bana.

Matarsa, Hajiya Mu'mina, malamar firamare ce, mace mai haƙuri da ƙarancin magana. Duk binciken da majalisa ke ji da la'asar, ita ta riga ta sha shi da safe tare da koko. Ta ƙware wajen cewa "ikon Allah" ba tare da ta ɗaga kai daga tukunya ba. Ba ta taɓa ƙaryata shi ba, domin ta lura jimina ba ta hana ta komai.

A farkon damina mahaifiyarta, Inna Hajo, ta rasu a ƙauyensu ta wajen Jigwada. Inna ba ta bar gona ba, ba ta bar zinariya ba. Abin da aka san ta da shi fararen zabi ne, fari fat, irin da ta gada a wurin tata uwar, waɗanda ba sa amsa kiran kowa sai nata. Da gidan ya cika da 'yan ta'aziyya zabin suka tsorata suka watse cikin ciyawa. Wasu aka kama su a gonakin mutane, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Bayan 'yan makonni ƙanin Mu'mina, Ahmad, ya yi tuntuɓe da gurbinsu a gindin wata sabara. Ya kwashe ƙwan ya jera a ƙwarya cikin ƙaiƙayi, ya kawo mata har Angwan Iya.

"Yaya, su ke nan," ya ce. "In waɗannan ba su fito ba, irin Inna ya ƙare."

Kowace mace a ƙauye ta san zabuwa ba ta iya reno. Kaza ake sa wa ƙwanta, ta kwanta a kai kamar nata, bayan kusan mako huɗu 'ya'yan su fito su bi ta a matsayin uwa. Mu'mina ta yi dace, baƙar kazarta ta shiga kwanci a daidai lokacin. Ta jera mata ƙwan a akurki da bisimilla. Kullum kafin ta tafi makaranta sai ta durƙusa ta leƙa, in ta dawo ma akurkin take fara nufa kafin ta cire hijabi. Ba ta yi kuka sosai ba ranar jana'iza, amma a gaban akurkin nan takan yi. Abu ɗaya take so a duniya, ta ga fararen zabi suna yawo a tsakar gidanta suna ihunsu na rashin dalili, kamar yadda ta taso tana ji a gidan Inna.

Ana cikin haka tsautsayi ya faɗa wa majalisa. Alhaji yana tsakiyar bayanin yadda raƙumin dawa yake barci a tsaye, sai Malam Abdulrahman, da allura a bakinsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa ban taɓa ganin raƙumin dawa ba. Babu wani binciken da za a iya gani da ido a nan Angwan Iya?"

Aka yi dariya. Ba wata dariya ce mai yawa ba, amma Alhaji ya ji ta har cikin ƙashi. Ya bar majalisa da wuri ranar, ya dawo gida yana huci. Yana shiga tsakar gida idonsa ya faɗa kan akurki, da baƙar kaza a kwance a ciki tana harararsa. Ya tsaya. Ya cire tabarau na kallon jahilai ya sa na karatu.

Washegari ya bayyana wa majalisa abin da Allah ya buɗe masa.

"Jama'a, ku saurara da kyau. Mene ne kaza take bai wa ƙwai? Ba nono take ba shi ba, ba tatsuniya take yi masa ba. Zafi ne kawai! To, idan zafin kaza ɗaya yana ƙyanƙyashe ƙwai a mako huɗu, in ka ninka zafin, mako nawa ke nan? Biyu. In ka sake ninkawa fa? Mako guda! Wannan lissafi ne, ba ra'ayi ba. Abin da ya hana ƙasar nan ci gaba ke nan, mun zauna muna jiran kaza."

Babu wanda ya iya ture lissafin a take, don kuwa huɗu a raba biyu, biyu ne. Alhaji ya sha alwashin cewa ranar Asabar mai zuwa zai nuna wa Keffi abin da ko a Abuja ba a taɓa gani ba.

Ya yi sa'a, sadakar arba'in ɗin Inna ta zo a makon. Mu'mina za ta tafi ƙauye ta kwana biyu. Tana bakin ƙofa da jakarta ta juyo ta ce, "Alhaji, ga dawa can a kwano. A dinga zuba wa kazar, a sa mata ruwa. Don Allah kar a tashe ta."

"Haba Hajiya," ya ce, "sai ka ce da yaro kike magana."

Ko ƙarar keke napep ɗin da ya ɗauke ta bai gama ɓacewa ba Alhaji ya naɗe hannun riga. Ya jawo babbar kular abincin da aka yi amfani da ita a bikin 'yarsu Madina. Ya sa aka nemo masa manyan fitilun lantarki irin na da, masu zafin da ba a iya taɓawa, har guda uku, aka jona su a murfin kular. Ya shimfiɗa tawul, ya jera ƙwan, ya rufe, ya lulluɓe da bargo biyu saboda kada kimiyya ta tsere. Ya kai kayan ɗakin da yake kira ofis, ya tanadi janareto saboda ɗauke wuta. Baƙar kaza ta yi iya ƙoƙarinta, ta sassare shi a hannu har ya yi jini. Wannan rashin ɗa'a ne ya sa ya yanke mata hukunci.

Bayan kwana biyu Mu'mina ta dawo da rana tsaka, idanunta a kumbure. Ta nufi akurki. Babu kaza, babu ƙwai, sai ƙaiƙayi da 'yan baƙaƙen gashin kazar. Ta juyo wajen Alhaji.

"Alhaji, ina kazata?"

"Na sallame ta. Aikinta ya ƙare."

"Ka sallame ta zuwa ina?"

"Rabi yana firij. Rabin kuma na sha farfesunsa jiya, aikin ƙwaƙwalwa yana cin jiki."

"Ƙwan Inna fa?"

Ya nuna ɗakin ofis da sanda, baki har kunne, ya zayyana mata lissafin ninki tun daga farko. A karon farko a zamansu Mu'mina ba ta ce ikon Allah ba. Ta ce, "Alhaji, na roƙe ka don girman Allah. Kazar Madam Priskila ta Sabon Gari tana kwanci, yanzu zan je in aro ta. Ka ba ni ko rabi ne, ka yi bincikenka da sauran."

"Rabi? Ina kika taɓa jin an yi rabin bincike? Hajiya, ke fa malama ce, bai kamata ki riƙa tunani irin na mutanen ƙauye ba. Ita marigayiya, Allah ya ji ƙanta, da ta samu wanda zai wayar mata da kai, ai da zabinta sun cika jihar nan."

Ya kulle ɗakin ya jefa makulli a aljihu, ya tafi majalisa. Mu'mina ta matsa ta ɗora tafin hannu a jikin ƙofar. Ƙofar ma da ɗumi. Ta dubi taɓarya a jingine da turmi, ta yi tunanin ɓalle kwaɗon. Sai ta tuna maƙwabta, ta tuna surukai, ta tuna cewa ƙwan sun riga sun kwana a ciki. Ta zauna a bakin ƙofar tana lallashin kanta da cewa wataƙila, ko sau ɗaya a rayuwa, abin da ke cikin wayar nan gaskiya ne. Ba ta yarda ba, amma ba ta da wani abin riƙewa.

Sauran kwanakin Alhaji bai zauna ba. Janareto yana ta ruri dare da rana, maƙwabta suna toshe kunne. Ya yi hayar rumfa da kujeru. Ya ari lasifika a wurin masu wa'azin unguwa. Ya ɗauko Prosper mai ɗaukar bidiyo daga Sabon Gari, ya ja masa kunne cewa ta gefen dama fuskarsa ta fi kyau. Ya je gidan kansila da kansa har sau biyu. Ya kuma kai wa Malam Abdulrahman shadda ya ɗinka masa babbar riga, domin mai shakka ya kamata ya ɗinka rigar da za a kunyata shi a cikinta.

Ranar Asabar da hantsi layin ya cika. Babu abin da ke tara mutane kamar kyauta da kuma yiwuwar wani ya ji kunya, ga shi an haɗa musu biyun. Kansila ya zauna a gaba yana duba agogo. Mata suka taru a zaure suna leƙe. Mu'mina tana can bayansu, ta jingina da bango, ta ƙanƙame bakin hijabinta.

Majiya ƙarfi biyu suka ɗauko kular da tsumma a hannu, suka ɗora a tebur. Alhaji ya miƙe cikin sabuwar shadda tana ƙara, ya hura lasifika sau uku.

"Mai girma kansila, manyan baƙi, 'yan'uwana jama'ar Keffi! Tun da aka halicci kaza, ɗan Adam yake zaman jiranta. Sarakuna sun jira ta. Turawa, duk wayonsu, sun jira ta. Yau a Angwan Iya an daina! Ban yi wannan don a yabe ni ba. Ban yi don a sa sunana a wani titi ba, ko da yake in an ga ya dace ba zan hana ba. Na yi ne don 'ya'yanmu su san cewa a cikinsu aka yi wani mutum."

Ya ci gaba har inuwar rumfa ta matsa. Ya taɓo jimina, ya taɓo giwa, ya gode wa kansa a madadin al'umma. Sannan ya yaye bargo na farko, ya yaye na biyu, ya ce Prosper ya matso, ya ɗaga murfi.

Wani tururi ya bugi fuskarsa har tabaransa suka yi hazo. Jama'a suka yi tsit, kowa ya kasa kunne yana jiran tsiyau-tsiyau. Babu abin da ake ji sai kukan wata akuya a bayan layi. Ƙwan suna nan a jere kamar yadda ya ajiye su, sai dai tawul ɗin ya yi baƙi-baƙi a gefe.

"Kunya suke ji," in ji Alhaji. "Bincike ya nuna ɗan tsako ba ya son hayaniya."

Ya kai hannu ya ɗauki ɗaya, ya yi wuf ya sauya shi zuwa ɗaya hannun, ya naɗe shi da bakin riga. Ya kara a kunne. Ya girgiza. Ya ce a ba shi cokali, zai taimaka wa yaron ya fito. Ƙwan zabi ba ya fashewa da wasa, sai da ya buga da ƙarfi. Ya ɓare ɓawon a hankali, Prosper yana kusanto da kyamara. Abin da ya fito ƙwai ne mai tauri, ya dahu, ya sake dahuwa, har farin ya koma ruwan ƙasa.

Gamaliel ya leƙo daga layi na biyu. "Alhaji, ya nuna fa."

Wani ya tuntsire da dariya, sai ta kama ko'ina kamar wutar kara. Malam Abdulrahman bai yi dariya ba, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, domin ya hango Mu'mina a bakin zaure.

"Oga, in ci gaba da ɗauka?" in ji Prosper.

"Ci gaba!" Alhaji ya fasa na biyu. Haka. Ya fasa na uku. Haka. Gumi ya jiƙa wuyan sabuwar riga. Ya ce laifin wutar lantarki ne da ba ta tsayawa. Aka tuna masa janareto. Ya ce to man da ake sayarwa yanzu ne ba shi da kyau. Da wannan ma bai karɓu ba, sai ya ce dama ƙwan ƙauye ne, ba su saba da kayan zamani ba. Kansila ya tuna yana da wani taro, ya miƙe.

A nan ne baiwar Alhaji ta bayyana a fili. Mutumin da bai kai shi ba da sai ya rufe kula ya shige gida. Alhaji kuwa ya goge tabarau, ya gyara hula, ya ɗaga ƙwan sama kamar kofin gasa.

"Jama'a, ku zauna! Kun ci jarrabawa! Na so ne in ga ko za ku gane ainihin binciken. Ku duba nan da kyau. Wa ya taɓa dafa ƙwai ba ruwa, ba tukunya, ba itace? Ku faɗa mini, wa? Wannan shi ake kira girkin zamani. Matanmu sun huta da hayaƙi daga yau!" Ya juya wajen zaure ya ɗaga murya. "Hajiya! A kawo yaji, baƙi su ɗanɗana!"

Matan zaure suka dare, suna kallonta. Wata ta riƙe mata hannu ta ce ta yi zamanta. Mu'mina ta zare hannunta. Ta shiga ciki, ta fito da ɗan kwanon yaji, ta ratsa tsakiyar maza ba ta kalli kowa ba. Dariyar ta fara mutuwa tun daga layin baya, domin duk unguwa an san daga inda ƙwan suka zo, kuma da yawa cikin masu dariyar sun je ta'aziyya.

Babu wanda ya miƙa hannu. Alhaji bai lura ba. Ya dangwali yaji, ya jefa ƙwai ɗaya a baki ɗungurungum, yana taunawa da ƙyar yana gyaɗa kai, yana nuna wa kyamara babban yatsa. Ya haɗiye, ya ɗauki na biyu. Ya ce bai taɓa cin ƙwai mai daɗin wannan ba. Ya kai hannu kan na uku.

Mu'mina tana tsaye a gefensa tana kallon cikin kular. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta saba ba. Sai dai lasifikar tana hannun Alhaji a daidai bakinta, saboda haka har masu shago a bakin titi sun ji abin da ta ce.

"Alhaji, ka ci a hankali. Babu wasu."